Duwatsun da Ya Jera

Ta zura 'yar ragar bayan bututun famfo, ta tsamo mataccen kifin, ruwa na ɗiga a kan tayil. Na uku ke nan. Wutsiyarsa ta yayyage, gefen cikinsa ya yi fari fat, kuma a daidai inda ta tsinci na farko da na biyu, nan ta tsince shi: lungun sama ta hagun tankin, matse tsakanin gilashi da bututu. Shekaranjiya ta sayo kifin nan da ransa da lafiyarsa, yana ta wutsil-wutsil a cikin leda.

Ta saka shi a robar gwaji irin ta wurin aikinta, ta rufe, ta tsaya riƙe da shi. Sai ga fitilar tankin ta kama da kanta, ƙyas, shuɗin haske ya cika ɗan falon. Ƙarfe bakwai daidai. Wata takwas ke nan da rasuwar mijinta, amma agogon da ya saita wa fitilar bai saɓa ba ko sau ɗaya, kuma har yau in ta kama sai ta waiga wajen kujerarsa. Kujerar tana nan da lotsawar da jikinsa ya yi mata. Tabaransa na karatu yana kan murfin tankin, inda ya ajiye ranar da ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, kansa na sarawa.

Mai gyaran lif ne, na'urar hawa bene, kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin ramukan manyan gine-gine, hannu duk baƙin mai, amma in ya dawo gida ba shi da wata hira sai ta kifin ruwan gishiri. Tankin ba wani babba ba ne, lita saba'in, ko tsawon teburin guga bai kai ba. A ciki ya jera duwatsun teku guda tara, ya yi musu ƙofa mai baka a tsakiya, kogo a dama, da wani ɗan tudu a baya inda murjani mai rai yake buɗewa yana kaɗawa. Kwana uku ya yi yana jerin nan, ya ɗora ya sauke, ya ja baya ya karkata kai. Da ya gama ya ƙwala mata kira ta zo ta gani. Daga bakin ƙofa ta leƙo, ludayi a hannu, ta ce ya yi kyau, ta koma.

Kifi biyu ya ajiye, masu ruwan lemo da ratsin fari uku-uku. Babbar ya sa mata suna Madam, ƙaramin da ke biye da ita duk inda ta nufa ya sa masa Direba. A makon rasuwa, gida cike da 'yan gaisuwa, wani ɗan uwa mai neman wurin cajin waya ya zare filogin famfon da ke juya ruwan tankin, bai mayar ba. Sai da aka kwana biyu aka lura. Madam ta tsira, Direba bai tsira ba.

Yanzu ga Madam can ƙarƙashin bakan dutsen, tana lilo a wuri ɗaya, ita kaɗai.

“Ke kuma ba kya magana,” matar ta ce da ita. “A gabanki ake komai.”

Ta ɗebi ruwan tankin da sirinji ta zuba a kwalba, ta jefa kwalbar da robar a jaka, ta kulle ƙofa. A wata takwas ɗin nan ba ta taɓa sa hannunta cikin ruwan ba. Da tiyo take canja shi, da maganaɗisu take goge gilashi, in abu ya faɗa ciki da dogon hantsaki take ɗaukowa. Ko ƙwayar tsakuwa ba ta gusa daga inda ya bar ta ba.

A bas ta sami wuri kusa da taga. Ba su kai shataletale na biyu ba wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce, ita kaɗai suka haifa, tana aure a wani gari.

“Mama, ya baƙon naku? Ya ci abinci?”

“Ya mutu.”

Ta ji kukan jikanta daga nesa, da ƙarar famfo a kicin.

“Haba Mama. Na uku fa ke nan. Don Allah ki haƙura haka nan, ki ba wa wanda ya iya abin nan. Baba ne ya san kansu, ke ba ki sani ba.”

“Ruwan lafiyarsa lau. Na auna.”

“Na san kin auna, ai ba a fin ki awo. To me yake kashe su?”

Amsar da ke ranta ba ta faɗuwa a cikin bas, ba ta faɗuwa ko a ɗaki. Ta ce an zo tasharta, alhali da sauran tafiya, ta kashe wayar.

Shekara ashirin da shida tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, har abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Awo. Ita dai a ba ta lamba. In lamba ta ce mutum lafiyarsa ƙalau, to ko yana birgima a ƙasa sai ta ce a sake duba shi, injinta ba ya ƙarya. Da ta sami sarari wajen sha ɗaya, ta fito da kwalbar ta shiga aikinta: gishiri daidai, tsami daidai, dattin da ke kashe kifi babu ko ɗigo. Ta rubuta lambobin a 'yar takarda, a ƙarƙashin na makon jiya da na watan jiya, duk kusan ɗaya.

Abokiyar aikinta, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta leƙo ta kafaɗarta.

“Kai! Wannan majinyacin naki da wannan gishirin har yanzu yana numfashi? A kira masa 'yan uwa.”

“Matsa min, don Allah.”

“Wani ya sake mutuwa?” Rediyo ta ja kujera ta zauna, ta rage murya, abin da ba ta saba ba. “Ni fa in gaya miki gaskiya, abin nan ya fara ba ni tsoro. Uku, kuma duk a lungu ɗaya? Ko dai marigayi ne ba ya son a saka masa baƙo a ciki?”

“Ke, ki ji tsoron Allah! Da iliminki da komai?”

Tsawar ta fi ƙarfin maganar, har mai shara ya tsaya da tsintsiya. Rediyo ta ɗaga hannu biyu ta ce Allah ya huci zuciya, wasa take yi. Amma ba wasan ne ya ƙona ta ba. Abin da ya ƙona ta shi ne Rediyo ta faɗi a fili abin da ita take ɓoyewa tun mutuwar na biyu. Ita da ta yarda da lamba, ita ce take tsayawa a falo da safe tana jin kamar akwai wanda ya riga ta shiga, ya duba abin da ta kawo, bai yi masa ba. Kunyar tunanin take ji, kuma tunanin ya ƙi tafiya.

Ƙarfe biyu ta nemi izini ta fita.

Duka kifayen ukun a wani babban kanti ta saye su, inda ake sayar da abincin kyanwa da kejin tsuntsu, mai sayarwa ta kamo maka wanda ka nuna ba tambaya. Ta san ba can mijinta yake zuwa ba. Shi shagonsa ɗaya ne, a wani lungu bayan masu kayan gyaran mota, sai an sauka matakala shida. Wata takwas tana kauce wa lungun nan.

Tun daga matakalar warin gishiri da danshi ya tare ta, da gurnanin famfuna da yawa a lokaci guda. Tankuna ne jere har rufi, shuɗin haske ko'ina, ƙasa a jiƙe. Mai shagon yana tsugune yana cika bokiti da tiyo. Tsoho ne siriri, gishiri ya bushe fari a hannun rigarsa da gashin damtsensa, shi ya sa ake ce masa Baba Gishiri. Ya ɗago, ya ƙanƙance ido, sai ya washe baki.

“Wa nake gani? Matar Injiniya! Ba ke ce kika taɓa zuwa kika fitar min da shi kamar an kamo ɗan makaranta ba? To ina shi, ɗan guduwar? Wata takwas! Na kira wayarsa har na gaji. Ki gaya masa na yi fushi, kuma ajiyarsa tana nan ta kusa cinye min tanki.”

Kowa a duniyarta ya sani, ta manta yadda ake faɗa. A shagon nan kaɗai mijinta yake da rai har yanzu, ana jiran ya sauko matakala ranar Asabar, kuma ita ce za ta kashe shi a nan ma.

“Baba, ya rasu.”

Tsohon bai motsa ba. Bokitin ya cika ya fara malala a kan ƙafarsa, bai ji ba, sai da ta sunkuya ta janye tiyon. Ya lalubi wani bokitin ya kifa ya zauna a kai, ya cire hularsa ya riƙe. Ya yi salati, ya tambayi yaushe, ya tambayi me ya same shi, ta gaya masa. Ya yi masa addu'a doguwa. Sannan ya ɗaga ido ya dubi matakalar.

“Ni kuwa ina ta zaginsa a raina,” ya ce. “Na ce ya sami wani shagon. Allah ya yafe min.”

Da ya ɗan natsu ya tura mata kujerar roba, ya tambayi tankin. Ta ba shi labarin filogi da Direba, da baƙi uku da ta kawo. Ta miƙa masa takardar lambobinta. Ya karɓa don ladabi, ya ajiye a kan murfin wani tanki ko dubawa bai yi ba. Robar ya ce ta ba shi. Ya juye kifin a tafin hannunsa, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya juya shi da ɗan yatsa.

“'Yata, wannan ba ruwa ba ne. Duka ne.”

“Duka?”

“Dubi wutsiyar. Dubi nan, an ɗaye masa fata. A ina kike tsintar gawarsu?”

“Lungun sama, bayan bututu. Duka ukun.”

“Ai nan ne kawai ya rage musu. In aka kori kifi daga ƙasa, aka kore shi daga dutse, can yake zuwa ya maƙale har ƙarfinsa ya ƙare. Ko a tankin wa kika je, nan za ki same shi. Madam ce.”

“Madam? Baba, Madam da ko motsin kirki ba ta yi? Kullum tana ƙarƙashin dutse kamar marainiya.”

“A gabanki. Kina fita aiki take ɗaura ɗamara.” Ya yi 'yar dariya ta cikin hanci. “Na san ta tun tana kamar ƙwayar wake, ni na sayar masa. Masifaffiya ce ta gidan gaba. Yanzu gaya min, wane iri kika kawo mata?”

Ta lissafa. Na farko irinta ne, ta zaɓi wanda ya fi kowa girma da ƙiba a tankin kantin, don ya jure. Na biyu wani siriri ne fari mai jan wutsiya, ta ce ko wani irin daban zai fi. Na uku ta koma irinta, ta zaɓi daidai girmanta, har da ma'auni ta gwada a jikin gilashi.

Baba Gishiri ya dafe kai.

“Wayyo, kin yi aikin asibiti a inda ba asibiti ba. Ku can mai ƙarfi shi ne mai lafiya. Su waɗannan, babba ita ce mace, gida kuma mace ɗaya yake ɗauka. Kin kawo mata babba, kin kawo mata mai neman gidanta ke nan. Kin kawo daidai ita, duk ɗaya. Sai ɗaya ta mutu. Shi kuwa siririn nan matsoraci ne, irinsa shi ake fara sakawa a tanki, ya san ramukansa, sannan a kawo masu faɗa daga baya. Kin kai shi gidan da aka riga aka mallake.”

Ta zauna tana kallon hannunta. Sauƙi ta ji ya sauko mata, da kunya a tare. Ba ta yi niyyar faɗa ba, ta ji bakinta ya faɗa.

“Na zaci shi ne ba ya so.”

Tsohon bai yi mata dariya ba.

“Injiniya? Mutumin da in ya sami tsutsa a cikin dutse sai ya ƙullo ta a leda ya kawo min, wai in nema mata gida? Haba. Shi da zai gani, ke zai yi wa faɗa, ba su ba. Taso.”

Ya zaga da ita. Ta nuna wani rawaya mai faɗi, kyakkyawa, ya ce wannan ɗan tsere ne, a lita saba'in haukacewa zai yi. Ta nuna wani mai dogon baki, ya ce kwana uku ya ishe shi ya tsattsage murjanin Injiniya tas. Wani shuɗi ɗan ƙarami kuwa ya ce kar girmansa ya ruɗe ta, ya fi Madam iskanci, sai dai ta dawo ta tarar da gawa biyu. A can ƙarshen layi ya tsaya gaban wani tanki da babu komai ciki sai tukunyar ƙasa a kife. 'Yan mitsi-mitsin kifaye masu ruwan lemo suna ta cincirindo a bakinta. Ya sa raga ya ware ɗaya, wanda bai kai kan babban yatsanta ba.

“Wannan ɗan tsurut ɗin? Ai loma ɗaya za ta yi da shi.”

“Shi ne dai. Bai zama komai ba tukuna, ba mace ba, ba namiji ba, ba zai yi mata gardama ba. Za ta kore shi, ya sunkuyar da kai, ta sake kora, ya sake sunkuyarwa, in Allah ya so ta gaji ta bar shi. Amma da sharaɗi.” Ya saki ragar, ya juyo ya dube ta. “Sai kin rushe duwatsun.”

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

“Duka. Wata takwas tana ita kaɗai, kowane rami nata ne, kowane lungu ta san shi. Ko ɗan wa kika saka a haka, ɓarawo ne ya shigo mata. Ki fitar da duwatsun, ki kama ta ki sa a bokiti, don ba za ta kamu ba sai sun fita. Ki sake jeri, wanda ba ta taɓa gani ba. Bakan nan da take kwana a ƙarƙashinsa, kar ki bar shi. Ki saki ƙaramin ya zaga. Sannan ki dawo da ita, ta shigo baƙuwa kamar kowa.”

“Shi ya jera su,” ta ce.

“Na sani. Ni na zaɓar masa su ɗaya-ɗaya.”

“Da hannunsa. Kwana uku. Baba, kayansa duk an raba, rigunansa, akwatin aikinsa, har takalma. Wannan ne kaɗai yake nan yadda ya bar shi.”

“To ki bar shi.” Ya faɗa a hankali, ba da gatse ba. “Ba dole. In gaya miki gaskiya, Madam ba ta mutuwa don kaɗaici. Ki ba ta abinci, ki canja mata ruwa, sai ta yi shekara goma a haka tana lilo. Ita ba ta kai ƙara ba.”

Famfuna suna ta gurnani. A sama wani yana buga ƙarfe da guduma. Ta ɗago ta dube shi.

“Ni ce ba na iya kallonta. In dawo daga aiki in buɗe ƙofa, ita kaɗai, ni kaɗai. Wallahi ba na iyawa.”

“To kin ji. Ko duwatsun yadda ya bar su, ko abokin zama. Biyun ba sa haɗuwa. Abin da ba zan yi ba shi ne in ba ki ɗan nan ki je ki jefa mata a haka. In kin san ba za ki taɓa dutse ba, bar min shi.”

Ta dubi ɗan kifin. Ya koma cikin 'yan uwansa, amma ta gane shi, ratsinsa na tsakiya bai gama haɗewa ba.

“Ƙulla min shi.”

Ya ƙulla shi a leda biyu, ya hura iska, ya naɗe da jarida. Kafin ta tafi ya ja ta gaban wani tanki mara zurfi, ya nuna mata wani murjani kore mai rassa, faɗinsa ya kai tafin hannu.

“Ajiyarsa. Ranar da ya zaɓa bai fi kan ashana ba. Ya ce in riƙe masa zuwa Asabar.”

Ta sunkuya ta dube shi. Wata takwas abin nan yana girma da sunan mutumin da ke cikin ƙasa, bai sani ba.

“Bar shi a nan tukuna, Baba.”

“Yana nan,” ya ce. “Ai na saba.”

A bas ta rungume ledar a cinya, tana tare ta da hannu duk sanda aka taka burki. Wata mata a gefenta ta tambaya ko jariri ne a ciki, irin wannan riƙo. Ta ce kusan haka.

Biyar saura ta isa gida. Rana ta karkato ta tagar falo ta faɗa a kan kujerarsa. Ta ɗauke tabaran daga kan murfin, ta rasa inda za ta sa shi, ta sa a aljihun rigarta. Ta buɗe murfin, ta ɗora ledar a kan ruwan don zafinsu ya daidaita, kamar yadda aka gaya mata. Nan take Madam ta fito daga ƙarƙashin baka, ta haura sama kamar an harbo ta, ta kai wa ledar sara. Ɗan ƙaramin ya manne a ɗaya gefen. Ta sake kai sara, ta zagayo, ta sake. Matar ta tsaya baki buɗe. Wata takwas tana tausayin baiwar Allahn nan.

Ta shimfiɗa tsofaffin tawul a ƙasa, ta jawo bokiti biyu da baho, ta ɗebi ruwan tankin da tiyo ta zuba musu. Ta ɗauko dogon hantsakin ta kama dutsen da ke saman bakan. Ko gezau bai yi ba. Ta gwada ta wani gefen, hantsakin ya zame. Dutsen ya fi ƙarfin hantsaki, kuma wani jan abu mai kama da siminti ya bi ya liƙe shi da na ƙasansa.

Ta ajiye. Ta tsaya tana kallon jerin, daga kogon dama zuwa tudun baya, tana so ta haddace. A bayanta falon ya yi tsit irin tsit ɗin da ake yi in mutum yana kallon ka, kuma ba ta waiga ba. Tana iya mayar da ɗan kifin gobe, Baba Gishiri ba zai ce komai ba. Ta cire agogo, ta cire zobe, ta naɗe hannun riga har sama da gwiwar hannu.

Ruwan da ɗumi, ba ta zata ba. Dutsen da kaushi, da santsi a wasu wuraren, kuma yatsunta suka faɗa cikin wasu 'yan ramuka a gefensa daidai riƙo, inda duk mai ɗora shi dole nan zai kama. Ta riƙe. Ta murɗa a hankali, ta ji ya ɓalle, ƙas, ƙura ta tashi a ruwan.

Sai ta ji an tsunkule ta a bayan hannu, tsunkuli mai zafi, a fatar tsakanin yatsu.

“Wash! 'Yar banza!”

Ta fizge hannun, dutsen a ciki, ruwa ya fantsama har bango. Madam ce, ta cije ta ta koma, tana shirin sake dawowa. Amma ba cizon ne ya tsayar da ita ba. Muryar ce. Kalmomin nan biyu, da wannan tashin da wannan saukar, ta san su. Duk Asabar ta duniya, tana kicin ko tana shanya, sai ta jiyo su daga falon nan, wash, 'yar banza, sai dariya ta biyo. Ta ɗaga murya ta ce da wa kake, ya ce ba da ke ba ne. Shekara da shekaru, ba ta taɓa ajiye abin da ke hannunta ta zo ta ga da wa yake ba.

Dariyar ce ta fara zuwa, sannan kukan, suka haɗu suka sarƙe ta har sai da ta dafa gefen teburin. Ta yi kewarsa a lokacin fiye da ranar da aka fita da shi. Ɗan jini ya tsattsafo a bayan hannunta, bai kai kan allura ba.

“Ai da ka gaya min tana cizo,” ta ce da falon.

A cikin tankin, bakan ya rasa kansa, duwatsun gefe biyu sun tsaya ba abin da ya haɗa su. Wurin dutsen yana nan fari, sabo, da ta mayar zai zauna daram. Ta dube shi, ta dubi ledar da ke yawo a sama da ɗan abin da ke cikinta. Ta sunkuya ta sa dutsen a baho.

Ta share fuska da kafaɗa, ta sake zura hannun. Madam ta taho.